Inda Ɗalibin Jarida na Arewacin Kamaru Zai Koyi Aikinsa

Duk shekara idan makarantu suka tashi dogon hutu, damina ta sauka a kwarin Binuwai, ɗakunan labarai na Garwa da Marwa da Ngaundare sukan cika da baƙin fuskoki. Samari ne da 'yan mata riƙe da takarda mai hatimin makarantarsu, sun zo sitaj, su yi wata ɗaya ko biyu suna ganin yadda ake aiki, a sa musu hannu, su koma aji. Makarantu suna ɗaukar wannan zama cikon sharaɗi, gidajen rediyo kuma suna ɗaukarsa alfarmar da suka yi wa yara. Ni kuwa a ganina cikin waɗannan 'yan makonni ne ake gyara ɗan jarida ko a ɓata shi, kuma a nan Arewa abin ya fi nauyi, domin a nan ne ɗalibi yake haɗuwa da labari a cikin harshen da labarin ya faru da shi. Maganata a yau ita ce, horon ɗan jaridar Arewacin Kamaru ya kamata ya karkata zuwa fili, da Fulatanci da Hausa da sauran harsunanmu, ƙarƙashin editan da zai zauna ya bi masa aiki layi-layi. Akwai masu ja da wannan, kuma ba duka hujjojinsu ne na yarwa ba.

Babbar makarantar aikin jarida ta ƙasar nan tana Yawunde. An kafa ta a 1970 da sunan ESIJY, ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da dama masu amfani da Faransanci, kuma Hervé Bourges, wanda daga baya ya shugabanci manyan gidajen talabijin a Faransa, shi ne daraktanta na farko. Yau ita ce ESSTIC, ƙarƙashin Jami'ar Yawunde ta Biyu, sai da jarrabawar gasa ake shiga. Masu Ingilishi kuma suna da sashen aikin jarida a Jami'ar Buea. Babu mai raina waɗannan wurare. Abin da suke koya wa yaro, yadda zai ɗora mafi muhimmanci a jimlar farko, yadda zai ji ta bakin ɓangare biyu, yadda zai gane iyakar doka, abu ne da ba ya tsufa. Amma ku auna tazarar. Yaron Garwa da ya ci jarrabawar zai hau mota zuwa Ngaundare, ya haye tsaunin nan da manyan motoci ke nishi a kansa, ya kwana cikin jirgin ƙasa kafin gari ya waye masa a Yawunde. Can zai yi shekara uku yana atisaye a kan labaran ma'aikatu da majalisa, da Faransanci ko Ingilishi, harsuna biyu na hukuma. Sannan ya dawo gida, inda rediyo ta riga makarantarsa zuwa duniya. Tun kafin 'yancin kai na 1960 Rediyo Garwa take magana, kuma shirye-shiryenta na Hausa da Fulatanci a gajeren zango ne suka kai sunanta kunnen mutanen Yola da Mubi har zuwa Kano. Babu ajin da ya koya wa masu waɗancan shirye-shirye yadda ake karanta labarai da Hausa, a bakin makirufo suka koya, gaban magabatansu.

Ga inda gizo ke saƙar. A jihohi uku na Arewa, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, Fulatanci ne harshen da Tupuri da Mundang da Mafa da Masa da Gidar da Fali suke haɗuwa a kansa idan ciniki ya haɗa su. Hausa tana riƙe da unguwanninta da harkar fatauci da abin da ya ratsa iyaka zuwa Najeriya, can wajen Kusiri kuma ga Larabcin Shuwa da Kotoko. Gwamnati da kanta ta sa waɗannan jihohi cikin yankunan da ilimin boko ke buƙatar kulawa ta musamman, ke nan ta amince mutane da yawa, musamman mata da mazauna karkara, ba su yi zurfi a Faransanci ba. Saboda haka labari a nan zango uku yake yi. Manomi ya faɗe shi da Fulatanci, ɗan jarida ya rubuta da Faransanci, mai fassara ya mayar da shi Hausa ko Fulatanci don mai sauraro, kuma a kowane zango wani abu yana zubewa. Ku dubi ɗalibar da ta zo sitaj, aka miƙa mata sanarwar ofishin gwamna saura minti goma a shiga labarai, aka ce ta juya. Takarda ce shafi guda, jimla ɗaya tana cin layi shida, an fara da lambobin dokokin da aka dogara da su, sai can ƙasa aka ce an hana babura yawo daga ƙarfe kaza na dare. Idan ba a taɓa koya mata ba, daga sama za ta fara, kalma bayan kalma, har mai acaɓan da aka yi sanarwar dominsa ya murɗa akwatinsa zuwa wata tasha bai ji abin da ya shafe shi ba. Wadda aka horar kuwa tsallake shimfiɗar za ta yi, ta ce daga daren yau babu babur bayan ƙarfe kaza a unguwanni kaza, wanda aka kama ga hukuncinsa, sannan ta faɗi wanda ya sa hannu. Wannan sana'a ce mai ƙa'idojinta, kuma tashi da Hausa a gida kawai ba ya ba mutum ita.

Fassarar sanarwa ma ita ce mai sauƙi, mai wuyar ita ce tambaya. A ɗauki auduga, wadda dubban gidaje a karkarar Arewa ke ci da ita. Kamfanin SODECOTON da aka kafa a 1974, hedkwatarsa a nan Garwa take. Tsarin da ake bi shi ne a ba manomi taki da maganin feshi bashi ta hannun ƙungiyarsa ta ƙauye, a sanar da farashin kilo, idan kaka ta yi ya kawo audugarsa a auna, a cire bashin, a ba shi saura. Manoma kuma suna tsaya wa juna, idan ɗaya ya gaza biya nauyin yana faɗawa kan 'yan rukuninsa. Ɗalibin da aka tura bikin buɗe kakar saye zai dawo da jawabin manya da adadin tan da ake sa ran samu, kuma ba ƙarya ya kawo ba. Amma labarin da mai sauraro a Pitowa ko Gidar ko Tuboro yake jira yana wajen sikeli, inda wani dattijo ke tsugune gefen tulin audugarsa yana lissafi da yatsa a ƙasa, ya cire kuɗin taki, ya cire rabonsa na bashin maƙwabcin da gonarsa ta sha ruwa, yana duba ko abin da ya rage zai kai shi ga sayen dawa. Wannan dattijo ba zai buɗe baki ga yaron da ya cusa masa waya a fuska ya jefa masa tambaya da Faransanci ba. Sai an gaisa, an tambayi gida da gajiya da yadda damina ta kasance, an ce Baba, an tsuguna daidai da shi, an bar shi ya yi zagayensa, can a tsakiyar maganar da kamar ba ta da alaƙa zai saki abin da ake nema. Daga nan a je wajen jami'in kamfani da shugaban ƙungiya a ji nasu lissafin, domin dattijo ma yana iya kuskure ko ya ƙara gishiri. Wajajen 2011, lokacin da farashin auduga ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, auduga mai yawa ta sulale ta iyaka zuwa Najeriya inda 'yan kasuwa ke biya fiye da farashin gida. Masu babura da dillalai sun san da zancen tun kafin ya shiga kowace takarda.

Labaran Garwa da yawa ma daga tsallaken iyaka suke tasowa. Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. A Abuja aka yi maganar, amma cikin 'yan kwanaki kwalbar fetur ta zuwa-zuwa da ake jerawa a bakin titunan Garwa da Marwa ta yi tsada, kuɗin acaɓa ya tashi, mai kai albasa kasuwa ya sake lissafi. Wanda zai bi diddigin wannan labari sai ya iya zama da masu jarka, su kuwa Hausa da Fulatanci suke yi. Ruwa kuma daga nan yake gangarawa can. Madatsar Lagdo da 'yan China suka gina aka gama a 1982, idan ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan yana ratsa Garwa ya shiga Najeriya, kuma a 2012 da 2022 an yi ta nuna wa Kamaru yatsa kan ambaliyar da ta ci garuruwa daga Yola har Lokoja. A can ana tuna madatsar Dasin Hausa da aka tsara don tare wannan ruwa ba a kammala ba, a nan kuma masunta da manoman bakin kogi suna da nasu kukan. Ɗalibin da zai ji ta bakin masunci a Lagdo da safe, ya karanta bayanin injiniya da Faransanci da rana, ya kira abokin aiki a Yola da yamma su haɗa bayanai, ya fi amfani ga mai sauraro a kan wanda ya ƙware a rubuta rahoton taron ƙara wa juna sani a otal.

To me ɗalibi yake tararwa idan ya zo? A nan masu ja suke da bakin magana. Suna cewa filin da kake yabo ai shi ne yake lalata yara, kuma da gaskiyarsu. Mai sitaj sau da yawa ɗan aike ne, ya riƙe wa babba jaka, ya sayo kati, a tura shi bikin naɗa sufirefe ko rufe taron wata ƙungiya, inda abin da zai fara koya shi ne yadda ake tsayawa bayan taro a rubuta suna a takarda a karɓi ambulan. Gombo ake ce masa a ƙasar nan, kowa ya sani, kuma wanda aka yi wata da watanni ba a biya shi albashi ba, ba ka da bakin yi masa wa'azi daga nesa. Illar ta wuce 'yan jakunkunan da ke cikin ambulan. Yaro yana koyon cewa labari yana inda aka gayyace ka, inda ba a gayyata kuwa babu labari. Asibitin da magani ya yanke masa ba ya aika katin gayyata, haka makiyayin Mayo-Rey da aka sace ɗansa ya sayar da garke ya biya fansa. Sai dai wannan hujja, idan aka bi ta har ƙarshe, bayana take goyo. Abin da ya lalata ɗalibin shi ne sakinsa da aka yi ba mai kula, makaranta ta miƙa shi ta juya baya, gidan rediyo ya karɓe shi bai ba kowa amanarsa ba. Tsare shi a aji shekara uku jinkirta ranar kawai zai yi, ya zo ya tarar da ambulan tana jiransa ranar da ya kama aiki, lokacin da babu malamin da zai koma wa ya tambaya. Gara ya shiga filin da wuri, da kuɗin motarsa a aljihu don kada ya dogara da na mai taro, da edita guda da aka ɗora wa alhakinsa, wanda zai karɓi rahoton ya ce wa ya gaya maka wannan, ina mutum na biyu da ya tabbatar, me ya hana ka kiran wanda ake zargi, tashi ka koma.

Wasu kuma, musamman iyaye, cewa suke yi harshen gida ba ya ciyar da mutum, Faransanci ne ke kai yaro ofis. Ban ce a ajiye Faransanci ba. Kasafin kuɗin magajin gari da shi aka rubuta, haka hukuncin kotu da kwangilar hanya, kuma ɗan jaridar da ba ya iya karanta su ya zama ɗan amshin shatan duk wanda ya fassara masa. Jaridar L'Œil du Sahel ta Guibaï Gatama, wadda ta daɗe tana ɗauko labaran Arewa, da Faransanci take fita, kuma da shi take sa mutanen Yawunde su waiwayo. Amma batun wai babu abinci a harshen gida, tarihi bai yarda ba. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa RFI a 2007, daga baya kuma ta ƙara Fulatanci. A Yamai, tun 2016 Studio Kalangou yake shirya labarai da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek yana rarraba wa gidajen rediyo a faɗin Nijar. A nan gida, tun da dokar watan Afrilun 2000 ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, tashoshin al'umma da na addini sun yaɗu, kuma da harsunan gida suke samun masu sauraro. A Kano, Jami'ar Bayero tana da tasharta ta FM inda ɗaliban aikin jarida ke gwada muryarsu, kuma babu mai kallon wanda ke karanta labarai da Hausa a matsayin ƙaramin ɗan jarida a garin. Tun 1939 da Abubakar Imam ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya aka wuce wannan gardama a can. Mu ne har yanzu a wurare da yawa muka mayar da sashen harsunan gida ɗakin fassara da gaishe-gaishen zaɓi-sonka, aka bar wa masu Faransanci binciken labari.

Hujjar da ta fi sa ni jinkiri ita ce ta haɗari, kuma sunan da kowa zai ambata shi ne Ahmed Abba. Wakilin sashen Hausa na RFI ne, an kama shi a Marwa ranar 30 ga Yulin 2015, lokacin da hare-haren Boko Haram suka yi tsanani a Arewa Mai Nisa. Ya yi watanni ba a bari ya ga lauya ko dangi ba, aka gurfanar da shi gaban kotun soja a Yawunde ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014, a Afrilun 2017 aka yanke masa shekara 10. Da aka ɗaukaka ƙara a Disambar 2017 aka rage hukuncin zuwa wata 24, ya fito bayan ya riga ya shafe fiye da haka a tsare. Laifin da aka bar masa shi ne rashin kai wa hukuma rahoton abin da ya sani. A 2014 ma an tuhumi 'yan jarida biyu, Félix Cyriaque Ebolé Bola da Rodrigue Tongué, tare da Baba Wamé wanda malamin aikin jarida ne, da irin wannan laifi a kotun soja, sai a 2017 aka wanke su. Ga dokar sadarwa ta Disambar 1990 ta ce ana kare majiyar ɗan jarida, ba a tilasta masa bayyana ta sai gaban alƙali a asirce, ga kuma wata doka da za a iya ɗaure shi da ita don bai kai rahoto ba. Uban da ya ji wannan ya ce ɗansa ba zai je fili ba, ba za a kira shi matsoraci ba.

Amma a duba abin da shari'ar Ahmed Abba take nunawa. Mai aiki da harshen gida shi ne mutanen ƙauye ke kira, shi ne yake jin abin da wakilin da ya sauko daga jirgi ba zai ji ba, kuma lambobin da ke cikin wayarsa kaɗai sun isa su sa a zarge shi. Idan haka ne, shi ya fi kowa buƙatar a koya masa tun yana ɗalibi yadda zai sanar da editansa duk wata hulɗa mai haɗari, abin da zai ajiye a waya da abin da ba zai ajiye ba, lauyan da za a kira idan dare ya yi bai dawo ba, da kuma cewa ɓata suna a ƙasar nan laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Kuma babu mai hankalin da ya ce a tura ɗan shekara ashirin Kolofata ko Fotokol, inda Boko Haram ta yi ta kai hari. Koyo hawa-hawa ne. Farashin masara a kasuwar Pitowa ta Lahadi, famfon da ya daina zuba a unguwar Jambutu, zaman kotu kan rikicin gona, a nan ake koyon tabbatar da suna da adadi da kwanan wata. Irin sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, sai an ƙware, da izini, tare da babba. Nisa da Arewa ma ba garkuwa ba ne, don ɗan jarida Martinez Zogo a Yawunde aka sace shi a Janairun 2023, a bayan garin aka tsinci gawarsa.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa to makarantar ma ta mece ce. Pius Njawe ya kafa jaridar Le Messager a 1979 yana ɗan shekara 22 ba tare da digirin jarida ba, ya zama sunan da aka fi sani a aikin jaridar Kamaru, yau kuma kowane yaro da waya a hannu yana iya ɗaukar hoto ya watsa a Facebook ko WhatsApp kafin rediyo ta buɗe. Sai dai Njawe bai faɗo daga sama ba, a ɗakunan labarai ya tashi tun yana saurayi, ƙarƙashin waɗanda suka riga shi, wato irin horon da nake magana a kai ya samu. Waya kuwa saurin watsawa ta kawo, tantancewa har yanzu tana wuyan mutum. Ku tuna rikicin Musgum da Larabawan Shuwa a yankin Logon da Shari a 2021, wanda ya faro daga gardama kan ruwa tsakanin masunta da makiyaya, ya kai Kusiri a watan Disamba, dubban mutane suka tsallaka Chadi. A irin wannan rana saƙon murya ɗaya da ya ce an kashe mutum kaza a ƙauye kaza, da harshen da mutane suka yarda da shi, yana iya tayar da unguwa kafin la'asar, kuma sanarwar Faransanci da za ta fito washegari ba za ta kashe wutar ba. Wanda zai iya shi ne wanda zai hau iska da harshen da aka yi jita-jitar, ya ce na kira bulaman ƙauyen, na kira asibiti, ga abin da aka tabbatar, ga abin da har yanzu ba a tabbatar ba, kuma ya san kalmomin da ba a furtawa a kan wata ƙabila ko da wani babba ne ya faɗe su a gaban makirufonsa.

Ba a cika tuna 'yan mata ɗalibai a wannan zance ba. Iyaye sun fi jin nauyin sakin 'ya mace ta yi shekara uku a Yawunde, saboda haka duk horon da aka kawo kusa da gida su ne za su fara cin moriyarsa. Aikin ma yana buƙatarsu, domin akwai zauren da namiji da makirufo ba ya wucewa. Haihuwa a hannun ungozoma, yarinyar da aka cire daga makaranta, adashin da ke riƙe da cinikin unguwa, mace ce za ta shiga ta ce Inna ina wuni, ta zauna a tabarma ta ji. Sai da Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta zuba auren dole da zaman kishi a littafinta Les Impatientes, ta ci kyautar Goncourt ta 'yan sakandare a Faransa a 2020, sannan duniya ta yi ta mamaki, alhali a bayan katangar kowa abin yake.

Saura batun kuɗi, mafakar duk wanda ba ya son a yi abu. A Janairun 2022 aka kafa Jami'ar Garwa, bayan ta Ngaundare da ta zama cikakkiyar jami'a a 1993 da ta Marwa a 2008. Ke nan kowace jiha ta Arewa tana da jami'arta, ga tashoshin CRTV, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, a manyan biranen uku, ga gidajen rediyon al'umma a ƙananan garuruwa. Abin da nake nema ba ya buƙatar sabon bene. Yarjejeniya yake buƙata a rubuce tsakanin makaranta da gidan rediyo, wadda ta ambaci sunan editan da zai riƙe kowane ɗalibi, ta ware ɗan abin da za a ba editan don lokacinsa, ta ware kuɗin acaɓan ɗalibi. A sa a ƙa'ida ba a sa wa kowa hannu sai ya kawo rahotannin da ya nemo da ƙafarsa a wuraren da ba a gayyace shi ba, wasu da Faransanci ko Ingilishi, wasu da harshen gida, kuma makinsu ɗaya. Tsofaffin ma'aikatan sashen Hausa da Fulatanci da suka yi ritaya suna nan cikin unguwanninmu, sun san yadda ake faɗar kasafin kuɗi da allurar rigakafi da hukuncin kotu ta yadda tsohuwa za ta gane. A kira su aji ko da ba su da digirin da tsarin jami'a ke tambaya, a rubuta kalmomin da suka daɗe suna aiki da su. Ɗalibin Yawunde da ya fito daga Kudu ma a buɗe masa wannan ƙofa, ya zo ya yi wata uku a Gidar ko Yagwa tare da abokin da zai riƙe masa harshe, domin shi ne gobe zai zauna a teburin edita a babban birni yana yanke shawarar ko ambaliyar Mayo-Danay ta cancanci shafin farko.